Ba Tawa Ba Ce

In ka je Gangara ka tambayi gidan Ɗan Azumi za a nuna maka, amma sai an ɗan dube ka tukuna. Wani mai sakin baki ya ce, "Wane Ɗan Azumin? Na cikin hoto?" Na kusa da shi ya zungure shi ya yi shiru. Abin da ke ƙona rai shi ne, mutumin da ake yi wa wannan laƙabi ya haura shekara sittin bai taɓa karyar ko zangarniyar gero a gonar wani ba.

Manomi ne ɗan manomi. Sunansa na yanka Habibu, amma tun da aka haife shi cikin watan azumi sunan ya ɓace, ba mai tunawa da shi sai katin ɗan ƙasa. Gonarsa jigawa ce arewa da gari, gero da wake, da ɗan gefen gyaɗa in shekara ta yi kirki. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai taurin kai. Aibinsa ɗaya da duk gari ya sani: abin da ka tambaye shi, shi kaɗai zai amsa maka. Ka ce, "Ɗan Azumi, ka ga jakina?" ya ce, "Na gani," ya ci gaba da tafiyarsa. Sai ka bi shi da gudu ka ce, "A ina?" sannan ya faɗa. Ba wulaƙanci ba ne, haka Allah ya yi shi. Matarsa Rakiya ta daɗe da koyon jero masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba ko labarin kasuwa ba za ta ji ba.

Kowace damina Fulanin Najeriya kan hauro da shanunsu daga kudu, su ratsa Damargu su nufi makiyayar Tenhya, in kaka ta yi su juyo. Cikinsu akwai Hamidu, wani dogon Bafillace daga ƙasar Daura, wanda ya saba sauka gonar Ɗan Azumi bayan girbi. Shanu su ci kara, su bar taki, kowa ya ci riba. Hamidu na kiransa Kaɗo, shi yana kiransa Fillo, su zagi juna son ransu a kan ƙwaryar fura ɗaya. Iyaka ba ta dame su ba a lokacin. Hamidu ya kan ce shi bai san ya shigo Nijar ba sai ya ga burodi ya yi tsawo.

Sai aka yi wata mummunar shekara. Ruwa ya ɗauke gero na kan bunni, san noman Ɗan Azumi ya kwanta bai tashi ba, awakin Rakiya suka bi shi. A wannan kakar Hamidu ya iso da zazzaɓi mai zafi, ko tsayuwa ba ya iya yi. Ɗan Azumi ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, Rakiya ta dinga dama kunu daga ɗan geron da ya rage. Husaini, babban ɗan Hamidu, saurayi a lokacin, shi ya riƙe shanu a gona, yana zuwa gidan cin tuwo safe da yamma. Baba yake ce wa Ɗan Azumi, Rakiya kuwa Inna.

Ranar da Hamidu ya ji ƙarfin tafiya, ya shiga garke ya jawo wata jar karsana mai dogon ƙaho, da shaidar wuta ta gidansu a cinyarta ta dama. Ya kawo ta har tsakar gida, ya ɗaure a turken san da ya mutu.

"Kaɗo, na ɗaura maka," in ji shi.

"Ladar jinya ce?" in ji Ɗan Azumi.

Hamidu ya ɓata rai. "In lada ce ai da rago na yanka maka. Habbanaye ce. Ta zauna gunka ta haihu sau uku, 'ya'yan naka ne, nonon naka ne. Uwar kuwa tawa ce. In ta gama ka maido mini ita hannu da hannu. Ko a mafarki kar ka ce taka ce."

Shi ke nan abin da aka yi. Ba a kira maigari ba, ba a kira liman ba. Al'adar Fulani ce da manoman Damargu suka san ta tun kakanni, kuma wanda aka ɗaura wa ya san an ɗora masa abin da ya fi saniyar nauyi.

Aka sa mata suna Ta-Hamidu, har yaran unguwa haka suke kiranta. Ta haifi ɗan maraƙi, ya girma ya zama san noma, yana jan amalanke ranar kasuwa. Ta haifi mace, macen ma ta haihu. Rakiya ta koma mai ƙwaryar nono, gidan ya farfaɗo. Duk kaka Hamidu ya zo ya shafa wuyan saniyarsa, ya ce Kaɗo ya lalata ta da dusa. In baƙo ya yaba ya ce, "Kai, saniyarka ta yi kyau," Ɗan Azumi ba ya barin maganar ta wuce. "Ba tawa ba ce," zai ce, ko da baƙon ya riga ya yi gaba.

Shekarar da ta yi haihuwa ta uku, Hamidu bai zo ba. An rufe iyaka daga can kudu. Kafin a gama wannan, cutar korona ta shigo. Aka buɗe, sai labarin ɓarayin shanu ya cika ko'ina, makiyaya da yawa suka canza hanya. Ana cikin haka mulki ya canza a Yamai, iyaka ta sake rufuwa. Manya na fushi da juna a rediyo, Ɗan Azumi na tsaye bakin burtali yana tambayar duk Bafillacen da ya gifta ko ya san Hamidu na ƙasar Daura. Wani ya ce bai sani ba, wani ya ce Hamidu ai suna da yawa. Lambar wayar da ya bari kuwa, in aka kira sai wata mata ta yi ta Turanci.

Saniya ba ruwanta da iyaka. Ta sake haihuwa, ta huɗu, 'yar karsana ja kamar uwar. Wannan a ƙa'ida ta Hamidu ce, don haka Ɗan Azumi ya ƙi sa mata tsagar kunne irin ta dabbobinsa, ya bar ta haka nan. Uwar kuma ta fara tsufa, haƙora sun cinye, ƙugu ya fito. Shi ma gwiwa ta fara yi masa gardama. Tsoronsa ɗaya ne, kuma bai ɓoye ba: kada ta mutu a turkensa, ko shi ya mutu ya bar ta, amanar mutum a wuyansa.

Wata safiya bayan girbi ya ji a rediyo cewa jami'an ƙasashen biyu sun zauna, sun shirya, an buɗe hanya. Za a riƙa sintiri tare a bakin iyaka, ana musayar labari, ɓarawon da ya sato a can ba zai sake samun maɓoya a nan ba. Ɗan Azumi ya yi murna har ya ƙara muryar rediyon.

"Kin ji ko? Hanya ta yi lafiya. Zan kai wa Fillo saniyarsa."

"Malam, da ƙafa?" in ji Rakiya. "Ka jira damina mana, ko Allah zai kawo wani nasu. Ko ka ba masu kamiyo su kai ta a mota."

"Hannu da hannu ya ce."

Ta san in ya faɗi haka an gama. Ya zauna ya tufka sabuwar igiya ta kaba, mai kauri, wadda za a shiga rugar mutane da ita ba kunya. Tsohuwar igiyar da Hamidu ya ɗaure karsanar da ita tun ranar farko, wadda ya adana a rataye cikin ɗaki, ya naɗe ta ya sa a jaka. Ita ma ta Hamidu ce, tare za su koma.

Ya bi masu koran shanu har Damagaram, daga nan ya ci gaba shi kaɗai, a hankali, don tsohuwa ba ta son sauri. Inda rana ta yi zafi su fake a inuwa, inda ya sami rijiya ya roƙi guga. Hanya duk yana shirya zagin da zai yi wa Hamidu na shekarun da ya ɓace. Har ya fara jin ƙamshin ƙasar Daura, a kan wani burtali kusa da iyaka, motoci biyu suka tare shi. Ɗaya ta jandarmomin Nijar, ɗaya ta jami'an Najeriya. Sintirin haɗin gwiwar da ya ji a rediyo ne, ga shi ido da ido. Har ya ɗaga hannu yana yi musu sannu da aiki.

Wani matashin jandarma ya sauko ya zagaya saniyar, ya tsaya kan shaidar cinyarta. Na Najeriya ya duba kunnen karsanar. Ɗaya ya yi lakwal, wato boko, da Faransanci, ɗaya da Turanci, don haka da Hausa suke magana tsakaninsu.

"Tsoho, daga ina?"

"Daga Gangara."

"Saniyar nan taka ce?"

Da wani ne, da ya ce tawa ce, ko ya fara da dogon labari tun daga shekarar fari. Amma Ɗan Azumi ne, kuma shekara da shekaru bakinsa amsa ɗaya ya sani.

"Ba tawa ba ce."

Suka dubi juna. "Ƙaramar fa?"

"Ita ma ba tawa ba ce."

"To ta wa ce?"

"Ta Hamidu."

"Wane Hamidu? Ya sunan ubansa? Wane gari?"

Nan ya tsaya. Ya san tarin Hamidu, ya san yadda yake ɗingisa ƙafar hagu, ya san rugarsa tana gabas da wata kasuwa kusa da manyan kukoki. Sunan ubansa dai bai taɓa tambaya ba, don ba a yi wa Bafillace irin wannan tambaya. Ganin fuskokinsu sun canza, ya yi abin da bai saba ba, ya ƙara magana ba a tambaye shi ba. Ya ce habbanaye ce, mayarwa zai yi.

Jandarman ya yi dariya. Ɗan birni ne, habbanayen da ya sani ita ce ta awakin da furoje, wato ƙungiyoyin agaji, ke raba wa mata a ƙauyuka. "Habbanaye da saniya, tsoho? Wane furoje ya ba ka? Ina katinsu?" Na Najeriya kuwa bai ma taɓa jin kalmar ba. Abin da suka gani a gabansu shi ne dabba ɗaya da shaidar wani, ɗaya ba shaida ko kaɗan, a hannun mutumin da ya faɗa da bakinsa cewa ba nasa ba ne. Aka karɓe wayarsa, aka sa shi a bayan mota.

Gaskiya a faɗe ta, haɗin gwiwar ya yi aiki, ya ma yi da sauri. Aka ɗauki hoton shaidar aka tura ƙetare. Wani arɗo a can ya gane ta, ya ce ta gidan Hamidu ce, kuma an kore garken gidan kaf bara waccan. Aka zo ɗakin da aka tsare Ɗan Azumi aka ce masa an sami masu saniya, za su zo. Maimakon ya firgita sai ya washe baki. "Alhamdu lillahi, ai shi nake nema." Ya roƙi ruwa ya wanke rigarsa. A ransa Fillo zai shigo ya gan shi a tsare, ya yi dariya har ya riƙe ciki, a sake shi su tafi ruga.

Ashe biki ake shiryawa. Ranar da aka sa, aka kafa rumfuna a filin bakin iyaka, tutoci biyu na kaɗawa, manya daga ɓangarorin biyu suka zauna kan kujeru da kwalaben lemo a gabansu. Aka jero dabbobin da sintiri ya kama. Aka fito da waɗanda ake zargi aka zaunar da su a ƙasa cikin rana, Ɗan Azumi a tsakiyarsu da wankakkiyar rigarsa. Wasunsu ɓarayin gaske ne, ko kallon mutane ba sa yi. Shi kuwa sai miƙa wuya yake yana neman dogon mutum mai ɗingishi cikin taro.

Aka yi jawabai, aka ce ƙasashen biyu uwa ɗaya uba ɗaya ne, iyaka layi ce kawai da Turawa suka ja. Aka tafa. Sannan mai lasifika ya fara kiran masu dabbobi. Da aka jawo Ta-Hamidu da 'yarta, ya ce, "Saniya ja da karsana, na gidan marigayi Hamidu, wanda ɓarayi suka kashe ranar da suka kore garkensa. Ɗansa Husaini ya fito."

Haka Ɗan Azumi ya ji mutuwar abokinsa, daga bakin lasifika, yana zaune a layin waɗanda ake cewa irinsu ne suka kashe shi.

Husaini ya fito. Ya rame, ya yi gemu, rigarsa ta koɗe. Wani babban jami'i ya tambaye shi a gaban kowa, "Ka gane saniyar nan?"

"Na gane ta."

"Shaidar gidanku ce?"

"Ita ce. Tamu ce."

Bai yi ƙarya ba. Ɗan Azumi ma bai yi ƙarya ba ranar da aka kama shi. Tambaya ɗaya ta rage, a ce masa ka san tsohon can, kuma ba wanda ya yi ta. Husaini ya gan shi, wannan ba shakka, don idonsu ya haɗu kafin ya sunkuyar da kai. Daga baya aka ji cewa bayan an kashe ubansa shi ma an tsare shi an yi ta tuhumarsa, don a can in aka yi satar shanu Bafillace ake fara kamawa, ko da shi aka yi wa satar. Ya koyi cewa sanin wanda ake zargi laifi ne. Ga yara a gida ba ko akuya, ga saniya da karsana an miƙo masa. Duk wannan dalili ne, kuma wanda bai shiga halinsa ba ya yi a hankali da zaginsa. Amma tuwon Rakiya ya ci, safe da yamma, a shekarar da gidan ba shi da abin da zai ci.

Jandarma ya kama igiyar, sabuwar igiyar kaba da Ɗan Azumi ya tufka, ya miƙa wa babbansa. Babban ya miƙa wa takwaransa na Najeriya, suka riƙe ta tare suna murmushi har masu hoto suka gama. Sannan aka danƙa wa Husaini.

Ɗan Azumi bai yi ihu ya ce ni ba ɓarawo ba ne. Abin da ya zo bakinsa shi ne abin da ake faɗa in an ji mutuwa. Ya ɗaga murya daga inda yake zaune.

"Husaini! Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Hamidu, ya sa ya huta."

Ko maƙiyinka ya yi maka ta'aziyya kana amsawa. Husaini bai amsa ba. Saniyar ce ta ji muryar, ta juyo da dogon ƙahonta, ta yi kuka, ta turje. Wasu cikin taro suka yi dariya, wani ya ce ka ga har ta saba da ɓarawon. Wani soja ya ce, "Tsoho, rufe mana baki." Husaini ya ja igiya da ƙarfi, suka ƙetare.

An saki Ɗan Azumi daga baya. Labari ya kai Gangara, maigari da liman suka yi takakkiya suka zo, suka zauna da kumandan jandarmomin suka warware masa zancen tun daga shekarar fari. Kumandan mutumin kirki ne, ya saurara, ya ce kuskure ne, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri," ya maido masa wayarsa da jakarsa. A cikin ofis aka yi wannan, ƙofa a rufe. Ba rumfa, ba lasifika, ba mai hoto.

Hoton bikin kuwa ya riga shi isa gida. Yana cikin wayar kowane saurayi daga Gangara har Tanut: manya na riƙe da igiya suna murmushi, a ƙasa an rubuta nasarar haɗin gwiwa, a gefe ga Ɗan Azumi zaune cikin ɓarayi, bakinsa a buɗe. Waɗanda suka san shi sun san gaskiya. Amma kasuwa ba duka ta san shi ba, kuma har yau in ya kai dabba dillalin da ba na gari ba sai ya duba cinya da kunne sau biyu. Ya daina tsayawa bakin burtali. Rediyon ma ya ba wa maƙwabci.

Ranar da ya dawo, da la'asar ce. Rakiya ta tarbe shi a zaure, ta karɓi jakar, ta ba shi ruwa. Ta bari ya sha, sannan ta fara jero tambayoyinta yadda ta saba.

"Ta isa?"

"Ta isa."

"Kai ka miƙa ta?"

"A'a."

"Ka ga Hamidu?"

"Ya rasu."

Ta yi salati, ta share ido da bakin zane. "Husaini fa, ka yi masa gaisuwa?"

"Na yi."

"Ya amsa?"

Wannan ce tambaya ta farko a zamansu da ya bari ba amsa. Rakiya ta sunkuya tana zazzage jakar don kada ta ga fuskarsa. Tsohuwar igiya ta faɗo, a naɗe yadda ya sa ta, ta yi baƙi don tsufa.

"Wannan fa, Malam? In sa a murhu?"

"Rataye ta nan zaure, inda Fillo ya kwanta," in ji Ɗan Azumi. "Ba tawa ba ce."